Allurar ba ta kai maganar zafi ba

Kwana huɗu da dawowata daga Legas na shiga banɗaki da asuba, fitsari ya ƙi fita sai da na dafa bango. Kai ka ce barkono aka zuba min. Da gari ya waye na duba wandona, sai ga wani ruwa mai kauri, tsakanin fari da rawaya, kamar mugunya. Ban tambayi kowa ba, domin na san inda na kwaso shi. Sana'ata tumatir ce, mu yi lodi a Kwanar Gafan mu sauke a Mile 12, wani lokaci mutum ya yi kwana goma bai ga gida ba. A wannan tafiyar Shaiɗan ya ci galaba a kaina dare ɗaya. Na tuba, har yau ina neman gafarar Allah, sai dai ƙwayar cuta ba ruwanta da istigfari, tana nan a jiki sai an kashe ta.

Kemis na nufa, ba na unguwarmu ba. Na tsaya ina ta duba waya har matan da ke sayen maganin tari suka fita, sannan na matso na ce wa yaron shagon, murya ƙasa-ƙasa, "Sanyi ke damuna." Ko kallona bai yi ba. Ya ɓallo ja da yalo, ya ƙara wasu farare da ya ce sifro ne, ya ƙulle a leda, ya ce safe da yamma. Na sha kwana uku, zafin ya lafa, ruwan ya ragu, na watsar da sauran a aljihun mota. A tasha kuma na sayi gorar wani jiƙo wajen mai lasifika, wanda a cewarsa yana maganin sanyi kala goma sha biyu har da basir. Rabon kwana da iyalina kuwa ban fasa ba, don in na fasa me zan ce?

Ba a yi sati biyu ba abin ya dawo, har ya fi na farko. A nan ne na haɗiye kunya na tafi asibiti.

Likitan bai yi min wa'azi ba, tambayoyi kawai ya jero: yaushe ya fara, me na sha, yaushe rabona da fitsari. Aka sa ɗan tsinke mai auduga aka ɗebi ruwan, aka karɓi fitsari, aka kuma ɗebi jini don a duba ƙanjamau da tunjere, domin a cewarsa ƙofar da ɗaya ya bi ya shigo ita sauran ke bi. Zaman jiran sakamakon jinin nan, kada Allah ya maimaita min shi. Alhamdulillahi jinin ya fito lafiya. Ruwan kuwa, da aka duba shi a madubin likita, aka ga abin da ake zargi: gonoriya.

Ya ce min kalmar "sanyi" da muke fakewa da ita tana wahalar da su. Mace mai ƙaiƙayi ta ce sanyi, mai ciwon mara ya ce sanyi, wanda fitsari ke yi wa zafi ya ce sanyi, alhali cututtuka ne daban-daban, kowacce da maganinta. Gonoriya ƙwayar bakteriya ce guda ɗaya sananniya, wani likita Bajamushe mai suna Albert Neisser ne ya gano ta tun 1879. Ba kuma ni kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an samu sabbin kamuwa sama da miliyan 82 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Da na nuna masa ragowar ƙwayoyin kemis, sai ya girgiza kai. Ya ce fenisilin ya yi zamaninsa a kan wannan cuta ta gagare shi, tetirasaikilin, wato ja da yalon nan, shi ma haka, sifro ma a wurare da yawa ya daina cin ta. Irin shan da na yi, kwana uku a watsar, yana cikin abin da ke koya wa ƙwayar taurin kai. Abin da ake dogaro da shi yanzu allura ce mai suna ceftriaxone, sau ɗaya a ɗuwawu. Ya haɗa min da doxycycline na kwana bakwai, safe da yamma, saboda wata cutar da ake kira kilamidiya mai yawan tafiya tare da gonoriya a ɓoye.

Har na fara jin sauƙi a raina, ashe ba a zo wajen ba. Yana rubutu ya ce, "Malam, matanka nawa?" Na ce biyu. Ya ajiye biro ya ce, "To marasa lafiyata uku ne, ɗaya ne kawai ya zo."

Na ce ai lafiyarsu ƙalau, ba wadda ta yi ƙorafi. Ya ce nan ne haɗarin yake. Namiji galibi cikin 'yan kwanaki zafi ke tona masa asiri, mace kuwa sau da yawa ba ta jin komai, ko ta ga ɗan ruwa ta ɗauka na al'ada ne. Cutar tana nan tana hawa daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai ke bi, ta bar tabo, daga baya a zo ana neman haihuwa ana zargin aljani ko kishiya, ko ciki ya zauna a bututu ya nemi halaka mace. Namijin da ya yi sakaci shi ma tana iya sauka masa a maraina, ko ta ƙuntata masa hanyar fitsari. Dawowar da tawa ta yi ma, ya ce ko dai maganin kemis bai kashe ta ba, ko kuma na kai gida an dawo min da ita. Jiki ba ya riƙe garkuwa a kanta, ka warke yau ka sake kamuwa gobe.

Abin da na roƙe shi ina jin kunyar faɗa, amma zan faɗa. Na ce ya rubuta min ƙwayoyi in kai musu in ce na taifot ne. Ya ƙi. Ya ce allura ce, ba a yin ta a ɓoye. Da ya ji amaryata na da cikin wata biyar kuwa sai ya gyara zama: mai ciki ba a ba ta doxycycline, wani ake canja mata, kuma in ta haihu da cutar a jikinta tana iya shiga idon jariri, ido ya kumbura yana zubar da mugunya, in an yi jinkiri yaro ya makance.

Kwana na yi ina juyi. Akwai ƙaryar da ke nan a shirye, kowa ya san ta: a ce a masai aka ɗauka. Na riga na tambayi likita, ya ce ƙwayar ba ta daɗewa a raye a wajen jiki, ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Amma matan gida ba su ji wannan bayanin ba, da na faɗa da ta zauna. Abin da ya hana ni shi ne na san gidana. Amarya bazawara na auro ta, ba ta cika shekara ba. In na ce ban san daga ina ba, kafin la'asar uwargida ta gama yanke hukunci, kafin Juma'a dangi sun ji cewa amarya ta shigo mana da cuta. In ɗora wa baiwar Allah laifina, ga ciki, wannan ya fi ƙarfin zuciyata.

Uwargida na fara samu bayan sallar isha, tana ninke kayan yara. Na faɗa mata yadda abin yake, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta gama ninke rigar da ke hannunta, sannan ta ce, "Malam, ita ka gaya mata?" Na ce tukuna. Ta ce, "To ka je ka gaya mata da bakinka kamar yadda ka gaya min. Gobe ƙarfe nawa?" Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Amarya ita ta yi kukan, ta ce gidansu za ta tafi, uwargida ce ta shiga ɗakinta ta rufo ƙofa. Abin da suka tattauna har yau ba a gaya min ba.

Washegari muka hau adaidaita mu uku, ba mai cewa uffan. Aka yi musu gwaji, aka yi musu allurar a ranar ba tare da jiran sakamako ba, tunda an san sun kwana da mai cutar. Likita ya kafa mana sharaɗi: ba kusantar juna sai an cika kwana bakwai bayan allura kuma kowa ya shanye ƙwayoyinsa, a kuma dawo bayan wata uku a sake gwaji. Ya ja ni gefe ya ce shi ba malami ba ne, amma kariya biyu ya sani: mutum ya tsaya ga iyalinsa, wanda kuma ya san ba zai tsaya ba ya sa kwaroron roba tun daga farko har ƙarshe, kada ya kwaso wa bayin Allah. Ya kuma ce gwajin jinin da ake yi kafin aure, na ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, ba ya nuna gonoriya, kada takardar nan ta ruɗi kowa. Waccan ta Legas ma ya ce a sanar da ita, amma ko lambarta ba ni da ita. Kwana bakwai ɗin a zaure na yi su a kan tabarma, yara na tambaya ko zafi ne ya kore ni.

Bayan wata uku gwajinmu ya fito babu komai. Da amarya ta haihu, ina bakin ɗakin haihuwa na tare nas na tambaye ta ko an sa wa jaririyar man ido. Ta dube ni da mamaki, ta ce an sa, maza ba su cika tambayar wannan ba. Ban ce mata komai ba.

Har yanzu ina zuwa Legas, abinci ne. In na dawo, uwargida kan kawo ruwa ta ajiye, ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Lafiya dai ka dawo?" Ta ɗan tsaya tana kallona kafin ta ɗauke tiren.