Gwajin Igiyar Rediyo: Rufin Kwano Ya Ci Mana Darasi Guda

Zanen da ke cikin littafin fiziks kowa ya san shi: filin lantarki yana hawa yana sauka, filin maganaɗisu yana kwance ta gefe, igiyar tana wucewa gaba. Masanin fiziks Maxwell ya fitar da shi a lissafi a 1865, wani masanin, Hertz, ya tabbatar da shi a gwaji a 1887. Na so ɗalibaina na aji shida a nan Jos su ga allurar mita, wato na'urar awon lantarki, ta nuna hakan da kanta.

Kayan ba su da yawa. Oba-oba mai aiki a 446 megahaz, wato tsawon zangon igiyarta kusan santimita 67. Sai eriya biyu na wayar tagulla: miƙaƙƙiya mai hannu biyu, kowane hannu santimita 16, da kuma zobe mai faɗin santimita 5. Kowacce na sa mata dayod 1N34A (mai barin lantarki ya bi hanya ɗaya kawai) da kafasita (mai tara caji) mai nanofarad 1, na kai ta mita a ma'aunin milivolt. A murɗe wayoyin mitar kamar igiya, in ba haka ba su ma eriya ne.

Miƙaƙƙiyar tana jin filin lantarki. In eriyar oba-oba tana tsaye, ita ma a tsaye take kamawa sosai, ka kwantar da ita karatun ya faɗi warwas. Zoben kuwa maganaɗisu yake ji. Ka juya bakin gefensa ya kalli oba-oba, mita ta haura, domin filin yana ratsa raminsa. Ka fuskantar da ramin ga oba-oba, shiru.

A cikin aji babu ɗaya da ya faru. Mun kwantar da eriya, mita ta ƙi sauka. Mun matsa taku ɗaya, karatu ya ninka, wani takun ya ɓace. Har wani yaro ya ce, "Malam, ko littafin ne ya yi ƙarya?" Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don darasin ranar ya tafi a banza.

Dalilin kuwa rufin kwano ne da ƙarafan taga. Ƙarfe yana mayar da igiya, ta dawo ta wata kusurwa, ta haɗu da ta asali, wani wuri su ƙara wa juna ƙarfi, wani wuri su kashe juna, kuma tsakanin gurbin da suka kashe juna da na gaba kusan rabin zango ne, wato santimita 33 zuwa 34. Ɗakin da aka lulluɓe da kwano ba wurin wannan gwaji ba ne sam. Da muka fita filin ƙwallo, muka ɗora kayan a kan sandunan katako, muka ba da tazarar mita 3, komai ya zauna daram.

Tazarar ma tana da dalili. Dab da eriya filayen biyu ba sa tafiya tare. Sai an yi nisan zango biyu ko uku suke kaiwa ƙololuwa lokaci guda, kuma a nan ne in ka raba ƙarfin na lantarki da na maganaɗisu za ka sami gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa.

Mai riƙe zobe ya miƙe hannunsa nesa da ƙirji, sauran yara su ja baya, domin jikin mutum ma yana karkatar da igiyar. Kuma a duba ko akwai shingen waya ko tankin ruwa kusa, su ma aikin kwanon za su yi.