Ruwan da ya zauna a Sindh

Ni ɗan Haɗeja ne, don haka da na tafi karatu Pakistan gani nake babu wanda zai koya mini ambaliya. Tun ina yaro nake riƙe bakin buhu ana ɗura yashi a tare jinga, na san warin ginin ƙasa idan ya sha ruwa ya fara saki. Daminar 2022 ce ta nuna mini cewa wanda bai je wani gari ba shi ke cewa babu tuwon da ya kai na gidansu.

A Jamshoro nake zaune lokacin, a jihar Sindh da ke kudancin ƙasar, bakin kogin Indus. Ɗakinmu ɗaya da wani Basindhe wanda ƙauyensu yake tsakanin Dadu da Khairpur Nathan Shah. Ada nake ce masa, wato ɗan'uwa a harshensu, shi ma haka yake kirana.

Kafin ruwa, wuta aka fara yi mana. Tun watan Maris zafi ya sauko, a watan Mayu garin Jacobabad ya kai digiri 51. Fanka iskar tanda take hurawa. Sai mu jiƙa zanin gado mu lulluɓa da shi, kafin barci ya ɗauke mu ya bushe ƙamas. A watan ne kuma, can arewa a Hunza, wani tafki da ya taru daga narkewar ƙanƙarar tsauni ya ɓalle ya tafi da gadar Hassanabad. Mun kalli bidiyon a waya, muka yi salati, muka koma karatunmu. Abin ya yi mana nisa.

Ashe zafin nan shi ne sallamar ruwan. Daminar wannan yanki, wadda ake kira monsun, haka take aiki: idan ƙasa ta gasu, iskar da ke kanta sai ta yi sama, iska mai ɗauke da danshi daga Tekun Larabawa da Tekun Bengal ta kwararo ta cike gurbin. Iyakar zafin ƙasa, iyakar ƙarfin jan. Iska mai ɗumi kuma ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. Ga shi shekarar ana cikin yanayin La Nina, wato lokacin da ruwan tsakiya da gabashin Tekun Pasifik ke yin sanyi fiye da yadda ya saba, wanda kan ƙara wa daminar Kudancin Asiya ƙarfi. A bisa al'ada, hadarin da ke tasowa daga Tekun Bengal yakan ratsa Indiya ya karkata arewa, ya juye a Punjab da gindin tsaunuka, Sindh ta samu ɗan yayyafinta. Ƙasa ce mai fari, da ruwan kogi ake nomanta, a shekara da ƙyar ruwan sama ke kai milimita 200 a yawancin sassanta. A 2022 hadarin bai karkata ba. Ya miƙe yamma sak, wani na bin wani, duk a kan Sindh da Balochistan. Ministar sauyin yanayi ta lokacin, Sherry Rehman, ta ce an saba ganin zubi uku ko huɗu a damina, bana ana na takwas.

A watan Agusta kaɗai Sindh ta samu ruwan da ya ninka wanda ta saba samu a watan sau takwas. Wani gari mai suna Padidan an auna milimita 1,228 a cikin watan, 355 daga ciki a rana ɗaya. Ku auna da kanku: abin da Haɗeja ke samu a damina biyu ke nan, aka zuba shi a wata guda a kan mutanen da gidajensu na ƙasa ne, rufin kuma ba don ruwa aka yi shi ba.

Ada ya daina barci. Wayarsa na kan ƙirjinsa, da ta yi ƙara sai ya zabura ya fita baranda. Daren da aka gaya masa ɗakin mahaifiyarsa ya faɗi, kogi bai ko matso kusa da ƙauyen ba. Ruwan sama ne ya jiƙa katanga har ta narke. Wannan ne ya bambanta ta da ambaliyar 2010, wadda manyansu ke ba da labari kamar jiya aka yi. Waccan daga arewa ta biyo kogi, ana jin labarinta kwanaki kafin ta iso, mutum ya ɗaure kayansa ya kora dabbobinsa. Wannan kuwa ta hanyoyi uku ta zo musu. Daga sama ana zubawa, daga yamma ruwan duwatsun Kirthar na gangarowa da ƙarfin da ke tumɓuke itatuwa, daga gabas kogin Indus ya cika maƙil, babu inda zai karɓi ƙari.

A nan ne ilimina na ɗan Haɗeja ya ƙare. Na ɗauka ruwa zai yi sati biyu ko uku ya janye, a koma a yi gyara. Ada ya dube ni ya ce, “Ada, ya janye ya tafi ina?”

Sai da na daɗe kafin na gane tambayar. Sindh a shimfiɗe take kamar faifai. Kogin Indus kuma shekara da shekaru yana ajiye laka a cikinsa, an kuma killace shi da jinga dama da hagu, har ya zamana a wurare da yawa kogin ya fi gonakin da ke gefensa tudu. Ruwan da ya sauka a gona ba zai hau tudu ya koma kogi ba. Ƙasar ma ba za ta shanye shi ba, domin noman ban-ruwa da ake yi tun da Turawan Ingila suka gama madatsar Sukkur a 1932 ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da sama. Tsofaffin hanyoyin ruwa da Allah ya yi, an bi an gina tituna da layin dogo da gidaje da tafkunan kiwon kifi a kansu, kwalbatin da aka bari kuma ko ya yi ƙanƙanta ko ya toshe. Akwai manyan magudanai biyu da aka tsara don kwashe ruwa zuwa teku. Na gefen hagu na kogin an gina shi da kuɗin Bankin Duniya, amma mutanen Badin sun daɗe suna kukan cewa idan ya cika su yake juye wa. Na gefen dama, wanda da shi ne zai ceci su Ada, an shafe shekara ashirin ana aikinsa bai ƙare ba.

Duk ruwan gefen dama sai ya tattara a tafkin Manchar, tafki mafi girma na ruwan daɗi a ƙasar. Da ya cika yana neman fasa jingarsa, ranar 4 ga Satumba hukuma ta sa aka yanka ta da gangan, don a ceci garuruwan Sehwan da Bhan Saeedabad. Ruwan ya bi ta kan ƙauyukan mutane sama da 100,000. Har ƙauyen kakannin babban ministan jihar, Murad Ali Shah, yana cikin waɗanda aka sadaukar, don haka ba zan ce duk abin son kai ne ba. Amma a bakin talakawa magana ɗaya ce ake ta maimaitawa: ruwa bai san mai kuɗi ba, amma mai yanka jinga ya san shi. Ko'ina ka zauna za ka ji ana zargin manyan masu filaye, waɗanda suke kira wadera, da kai mutanensu cikin dare su fasa nan su toshe can, don ruwa ya kauce wa gonarsu. A garin Johi mutane ba su jira kowa ba. Maza da yara suka fito suka kewaye garin da jinga, suna gadinta dare da rana, garin ya zama tsibiri amma ya tsira. Khairpur Nathan Shah bai tsira ba, sai rufin gidaje da hasumiyar masallatai ake hangowa.

Wajen ƙarshen Satumba na raka Ada ya je ya ga iyayensa. Mota ta kai mu inda kwalta ta nutse, daga nan sai kwale-kwale mai inji. Masuntan Manchar ne suka koma jigilar mutane. Mun fi sa'a ɗaya muna tafiya a kan abin da matuƙin ya ce gonakin auduga da shinkafa ne. Yana kauce wa turakun wutar lantarki, da su yake gane hanya. Ruwan ba ya motsi ko kaɗan. Kore ne shar, da kumfa a gefe, ga wari kamar na kwata da mushe. Wannan shirun ne ya fi ba ni tsoro. Ambaliyar da na sani tana da ruri.

Mun same su a kan jingar wani magudani, faɗinta bai fi a jera mota biyu ba, mutane sun yi layi a kanta iya ganinka. Gidan su Ada gaba ɗaya ya koma gadon igiya biyu, an tayar da ɗaya a tsaye an ɗaura tamfol ya zama inuwa, sai akwatin ƙarfe, tukwane uku, da ɓauna guda da suka samu suka tsirar. Ɓaunar gida ce, irin wadda suke tatsa, kuma a wurinsu ita ce banki. Na durƙusa na gai da mahaifinsa, na yi masa jaje da ɗan guntun Sindhancin da na iya. Su ma Baba suke cewa. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, “Ɗana, ka zo mana a ranar da ba mu da ƙofar da za mu buɗe maka.” Kafin in ankara mahaifiyar Ada ta hura wuta da ɗanyen kara ta dafa shayi da madarar ɓaunar nan. Na so in ce na ƙoshi, Ada ya taka mini ƙafa. Na shanye, ina kallon inda aka ɗebo ruwan.

Baba manomin kashi-mu-raba ne, irin waɗanda ake kira hari. Gonar ta wadera ce. Iri da taki da maganin feshi duk bashi ne ake rubutawa, sai an cire auduga a raba a biya. Saura 'yan makonni a fara cira ruwan ya zo. Audugar ta tafi, bashin yana nan a littafi. Abin da ya fi damunsa ma alkama ce. A watan Nuwamba ake shuka ta, ita ce abincin gidan na shekara, kuma ya san gonar ba za ta bushe ba kafin lokacin. Damina ɗaya ta cinye girbi biyu.

Da magariba ta yi sai sauro ya sauko kamar hayaƙi. Ƙanwar Ada tana kwance tana rawar ɗari, yaran maƙwabta duk ƙafafunsu sun yi ƙuraje saboda shiga ruwan. Mata kuwa ba sa iya kewayawa sai dare ya raba, saboda babu wurin fakewa a kan jingar. Daga baya na ga alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: masu zazzaɓin cizon sauro a Pakistan sun tashi daga kusan 500,000 a 2021 zuwa miliyan 2.6 a 2022. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ta ƙirga mutum 1,739 da ambaliyar ta kashe, amma wanda zazzaɓi ko gudawa ya ɗauke a kan jinga bayan wata biyu ba ya cikin wannan lissafi. Mutum miliyan 33 abin ya shafa, kusan miliyan 8 suka bar gidajensu, gidaje fiye da miliyan 2 suka rushe ko suka lalace, dabbobi sama da miliyan ɗaya suka mutu. Dabinon Khairpur ya ruɓe a kan bishiya. Mu da ke birni a kasuwa muka ji a jikinmu, tumatir da albasa sai da aka shigo da su daga Iran da Afghanistan.

A makon da na raka Ada ne Inna ta kira ni. “Auta, an ce ƙasar da kake ruwa ya cinye ta, ka taho gida.” Na ce, “Inna, ai ku ma na ji labarinku.” Ta yi shiru, sannan ta ce matasa na kwana a kan jinga, gonakin fadama duk sun tafi. A shekarar ne ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Kowa na yi wa ɗan'uwansa jaje, muka kashe waya.

Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya zo ya ga ɓarnar a watan Satumba. Aka yi ta nanata cewa Pakistan ba ta fitar da ko kashi ɗaya cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma gaskiya ne. Masu bincike ma sun nuna ɗumamar yanayi ta ƙara wa ruwan nan ƙarfi. Da wannan hujja Pakistan ta jagoranci ƙasashe masu tasowa a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh a Masar, har aka amince da kafa asusun biyan asara. A Geneva kuma, watan Janairun 2023, aka yi wa Pakistan alkawarin fiye da dala biliyan 9, wanda yawancinsa bashi ne, alhali an ƙiyasta asarar ta haura dala biliyan 30. Na yarda da hujjar ɗari bisa ɗari. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ta zama bargon da wasu ke lulluɓa da shi. Hayaƙin Amurka da Sin bai hana a gama magudanin da aka fara shekara ashirin ba, kuma ba shi ya ba da izinin gina otal a tsakiyar kogin Swat ba, wanda duniya ta kalla ruwa na tafiya da shi.

Sai a watan Fabrairu su Baba suka koma ƙauye. Ada ya turo mini hoto: masallacin ne kaɗai a tsaye, don shi ne na bulo, da zanen da ruwa ya bari a jikin bango sama da tagogi. Gonar ta yi fari fat da gishiri. Baba ya tara tubalin da ya iya tsinta ya tayar da ɗaki ɗaya, a daidai inda tsohon yake, domin filin da ke tudu na wadera ne. Ɓaunar ma an sayar, aka rage bashin auduga.