Ranar da fayilolin zanena suka rasa fuska

Shagona yana Sabon Garin Zariya, sana'ata kuwa zane: katin biki, sitika, kalanda, bana ta walimar sauka, sai bangon littafin ɗaliban jami'ar ABU na Samaru da Kongo idan lokacin kammala karatu ya zo. Kusan komai da CorelDRAW nake yi, kamar yawancin abokan sana'a a garin nan.

Kwanakin baya kwamfutata ta yi nauyi, na kai ta wurin wani mai gyara. Ta dawo tana gudu, na yi murna. Washegari wata Hajiya daga Tudun Wada ta shigo.

"Malam, auren autata ya taso. Irin katin da ka yi wa yayarta nake so, mai ruwan zuma da furanni a gefe."

"To Hajiya, bismillah ga kujera, yanzu zan fito miki da shi."

Ina buɗe foldar ayyuka gabana ya faɗi. A da kowane fayil yana nuna ɗan hoton abin da ke cikinsa, da ido nake tsintar aiki. Yanzu duk sun koma tambari iri ɗaya, ɗaruruwa a jere, sunayensu kuma irin su "kati 1", "kati sabo", "na ƙarshe". Na shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ga shi an ɗauke wuta, janareta na shan mai. Hajiya ta yi kusan awa guda, daga ƙarshe na ba ta haƙuri ta dawo gobe. Abin ya tsaya mini a rai, domin dattijuwa ce, kuma amana ce ta dawo da ita shagona.

Daren nan na zauna da abin. Farkon abin da na lura, har hotunan JPG ba sa nunawa. Wannan ya nuna mini matsalar ba ta Corel kaɗai ba ce. Ashe mai gyara ya saita Windows ta fifita sauri a kan komai, kuma wannan saitin yana kashe ƙananan hotunan gaba ɗaya. Na shiga Performance Options na mayar da alama a layin da ke cewa a nuna hoto maimakon tambari. Na kuma leƙa Folder Options, domin can ma akwai layin da ke hana hoto fitowa idan an yi masa alama. Nan take JPG suka dawo. Fayilolin CDR, wato na CorelDRAW, dai shiru.

A nan na fahimci abin da na yi shekaru ban kula da shi ba. JPG ɗigo-ɗigon launi ne a jere, Windows ta san yadda za ta nuna shi da kanta. Zanen bekta kuwa, irin na CDR, lissafin layi da lanƙwasa ne, shi ya sa za ka ja zane daga girman kati zuwa girman bana bai fashe ba. Windows ba ta iya karanta CDR ko AI (fayil ɗin manhajar zane ta Adobe Illustrator) ita kaɗai, sai an ba ta ɗan tafinta. Na Corel sunansa Windows Shell Extension, yana zuwa tare da manhajar amma a jerin manhajoji yana zaune da sunansa daban. Na duba jerin, babu shi. Mai gyara ya ɗauka tarkace ne ya cire.

Wani abu ya burge ni. Tun daga CorelDRAW X4, fayil ɗin CDR ƙunshin ZIP ne, wato fayiloli da yawa da aka matse wuri guda. Na kwafi guda ɗaya, na canza ƙarshen sunansa zuwa zip, na buɗe, sai ga ɗan hoton a ciki yana zaune lafiya. Wato hoton bai je ko'ina ba, mai ɗauko shi ne babu. In za ka gwada, a kan kwafi za ka yi, kada ka taɓa na asali.

Na sake kunna fayil ɗin saka Corel na zaɓi gyara, tafintan ya dawo. Duk da haka wasu fayilolin suka ƙi canzawa, saboda Windows tana da rumbun da take tara tsofaffin hotunan, daga nan take ɗebowa. Na buɗe Disk Cleanup na share wannan rumbun kaɗai, na kashe kwamfutar na kunna. Sai ga hotuna suna fitowa layi bayan layi.

Na SVG, wani nau'in fayil ɗin bekta da ɗalibai ke turo mini, PowerToys na Microsoft ya warware su, kyauta ne. Na AI kuwa na koma duba su ta Adobe Bridge, kuma yanzu duk wanda zai turo mini nakan roƙe shi ya bar zaɓin haɗawa da PDF a kunne lokacin adanawa, domin idan babu shi wasu manhajojin ba sa ganin zanen.

Katin Hajiya na cikin foldar bara waccan, da suna "sabo sabo 2". Na sauya masa suna da unguwa da shekara da launi, kuma tun daga nan kullum bayan la'asar nakan gyara sunayen guda ashirin. Da ta dawo da safe na juya mata allon, tun kafin in nuna ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Ga shi nan, shi ne."