Gidan Nasif na Jidda: abin da ya riƙe shi, da abin da ke cin irinsa

A cikin Al-Balad, tsohon garin Jidda, kan titin Kasuwar Alawi, gidan Nasif yake tsaye. An fara gina shi a 1872, aka gama a 1881, domin Umar Nasif Afandi, attajiri kuma wakilin Sharifin Makka, mai mulkin Makka a lokacin, a garin. Bishiyar darbejiyar da ke ƙofarsa ta sa mutane ke ce masa gida mai bishiya. A gidan nan Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa Saudiyya, ya sauka da ya karɓi Jidda a 1925.

Bangon dutsen murjani ne, wanda ake sarowa daga gaɓar Bahar Maliya a sassaƙe shi. Ba shi da nauyi sosai, amma cike yake da ƙananan ramuka, kuma da gishirinsa yake zuwa. Shi kaɗai ba zai ɗauki bene a kan bene ba. Don haka duk bayan kusan mita ɗaya sai magina su shimfiɗa katako a kwance cikin bango, su ɗaure shi a kusurwa. Katakon nan shi ke raba nauyi, ya hana tsaga tafiya daga ƙasa har sama. Akwai wani amfanin kuma: idan dutsen wani layi ya rududduge, ana iya tokare katakon a zare dutsen a sa sabo, ba sai an rushe na sama ba. Bangon na da kauri a gindi, yana raguwa yayin da ake hawa.

Tagogin katako masu turowa waje, da ake kira rawashin, suna shigo da iskar teku, su tare rana da idon mai wucewa. Matakalar gidan kuwa faɗi gare ta, ba ta da wuyar hawa, har ana cewa raƙumi kan hau ta da kaya.

Babban abokin gaban irin wannan gini danshi ne. Ruwan ƙasa mai gishiri yana tasowa ta cikin ramukan dutsen. Yaɓen farar ƙasa na da yakan bar shi ya fita, gishirin ya taru a fuskar yaɓen, a kankare a sake sabo. Da aka koma siminti sai hanya ta toshe: danshi ya maƙale, ya ƙara hawa, gishiri ya daskare a cikin dutsen ya mai da shi gari, katakon ɗaurin ya ruɓe, gara ta samu abinci. Daga waje bango sumul, ciki ya ƙare. Abin yana ci mini rai, domin da niyyar gyara ake yinsa. Bututun da ke yoyo da ruwan na'urar sanyaya ɗaki mai ɗiga a bango ma suna wannan ɓarnar.

Mai gyara na gaskiya yakan fara tsayar da ruwan, ya ɓamɓare simintin da hannu, ya bar bangon ya sha iska har ya bushe, sannan ya mayar da farar ƙasa shafi-shafi. Tun 2014 unguwar Al-Balad tana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma tafiyar ƙafa ce kaɗan daga Bab Makka, wato Ƙofar Makka ta tsohon garin, zuwa gidan.