Yaron nan mai gudu a kan jirgin ƙasa

Jiya bayan isha'i ɗan yayata ya lallaɓo yana sosa ƙeya, wai "Kawu, ara man wayarka in yi gudu guda." Gudu gudan nan sai da wayar ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu, caji ya kusa mutuwa, ga ba wuta tun la'asar. Subway Surfers ne, gem ɗin da ni kaina na fara bugawa tun ina da wata 'yar Tecno mai fasasshen gilashi, yanzu ga yaron da a lokacin ko haihuwarsa ba a yi ba yana neman ya koya min.

Wanda bai san shi ba, labarin gajere ne. Wani yaro Jake an kama shi yana fesa fenti a jikin jirgin ƙasa, mai gadi ƙato da karensa suka biyo shi, shi kenan sai gudu. Layi uku ne, ka ja yatsa hagu ko dama ka canza layi, ka ja sama ya yi tsalle, ka ja ƙasa ya mirgina, kana kwasar kwabbai kana kauce wa jiragen da ke tahowa. In ka taɓa sau biyu ya hau allon nan mai shawagi wanda ke cetonka in ka yi karo sau ɗaya. Kuma gudun ba shi da ƙarshe wallahi, ba wanda ya taɓa kai Jake gida, sai dai a kama ka.

'Yan Denmark ne suka yi shi, kamfanoni biyu, SYBO da Kiloo, suka sake shi a watan Mayun 2012. Sunan SYBO ɗin ma daga sunayen mutum biyun da suka kafa shi ne, Sylvester da Bodie. Kafin shi Temple Run ne ke tashe, na 2011, wanda wani mutum da matarsa a Amurka suka ƙirƙira, mai birran nan da ke bin mutum, ni dai tsoro yake ba ni da dare. Subway Surfers ya zo da launi mai haske da kiɗa, daga 2013 kuma suka fara yawo da gem ɗin gari-gari, yau New York gobe Rio, har Alƙahira da Marrakesh sun je. A 2018 ya zama gem na farko da aka sauke sau biliyan 1 a Play Store.

To amma ni abin da nake cewa kullum, wannan lissafin bai ƙirga mu ba. Mu nan Gusau wa ya sauke shi da datarsa? Mutum ɗaya ne zai sa a wajen masu tura fim da caji, sauran unguwa kaf Xender ce, "turo man mai gudun nan", minti biyu an gama. Ba ya neman data kafin ka buga, ba ya neman ka iya Turanci, ƙaramar waya ma tana ɗauka ko da tana ɗan sarƙewa. Sirrinsa a wajenmu ke nan.

Ban gane haka sosai ba sai a Satumban 2021 da aka katse sabis a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga. Ranar farko kowa sai ɗaga waya yake sama kamar mai duban wata, babu kira babu WhatsApp babu Facebook, wasu sai sun bar jihar kafin su gaisa da 'yan uwa. Waya ta koma tocila da rediyo. A majalisarmu, kan bencin mai shayi, mutanen da da sai gardamar ƙwallo da siyasa, sai ga shi an koma gasar gudu, waya ɗaya tana zagayawa, wanda aka kama ya miƙa wa na kusa da shi. Akwai wani dattijo, tela ne, da kullum yake mana faɗa wai "ku ɗiyan zamani wanga abu ya cinye muku hankali", rannan ya ce a ba shi ya gani. Yatsansa ya yi kanta saboda aiki, gilashin ba ya jinsa sosai, sai ya dinga karkata jikinsa gaba ɗaya in jirgi ya taho, har ya zubar da shayin wani. Da karen ya cim masa sai ya ce "Kai! Wanga kare ba ya da imani." Bai mayar da wayar ba sai da aka kira sallah.

Abin da ke ba ni haushi da shi yanzu talla ce. Da ka kunna data, ka faɗi, sai a ce kalli talla ka tashi, ko ka biya da makullan da ake tarawa a cikin gem ɗin. Ni kashe data nake kafin in buɗe, magana ta ƙare.

Wani abin dariya kuma, layin dogo ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda tun 1929, amma yaron nan namu bai taɓa ganin jirgin ƙasa na tafiya da idonsa ba, duk jiragen da ya sani na cikin wayata ne. Na tambaye shi jiya ko ya san muna da tasha a garin nan, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce "Kawu bari, maganaɗisun jan kwabbai na ɗauka." Da safe na duba, ya zarce babban makina da na shekara biyu ina taƙama da shi.