TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 23: Bindigar da na zaɓa

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda na gama kwas ɗin koyon farauta, wanda a jihar Kolorado ta Amurka dole ne ga duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau kafin a sayar masa da lasisi. Toh saura bindiga, kuma wlh nan ne na fi daɗewa ina kai da kawowa.

Ni ɗan maharbi ne, na taso ina ganin Baba yana ɗura wa adaka albarushi, ya sa tsumma ya danna, amma abin da za mu nema a duwatsun Roki daban ne. Sunanta elk, dangin barewa ce sai dai namijin yakan haura kilo 300, ku ɗauka gwanki ne ya ƙara jiki, ga dajin nasu kwari ne da tsauni, sai ka hango dabba a tsallaken kwari babu ta inda za ka matsa kusa. Doka ta ce harsashi kar ya gaza inci 0.24 a kauri, amma wannan mafi ƙaranci kenan, ba shi ake so ba.

Na shiga kanti a Denba zuciyata na kan bindiga mai cin harsashin .300 Winchester Magnum, wadda ta fito a 1963, don kowa cewa yake ita ce ta nesa. Dattijon da muke aiki tare, shi ya fara ja na harkar nan, yace kar in saya tukun, in zo filin gwaji in harba tasa. Harbi uku na farko lafiya lau, daga na huɗu kafaɗata ta fara tsami, sai yace in lura ina runtse ido kafin in ja kunama. Gaskiyarsa ne. Jikina ya riga ya san dukan da ke zuwa yana kaucewa, harsasan duk suka watse a jikin allon a yadi 200 kacal.

Sai ya miƙo mini tsohuwar .30-06 ɗinsa. Harsashin nan sojan Amurka suka fara aiki da shi a 1906, shi ya sa ake ce masa 06, har yau kuma kowane ƙaramin kanti na ƙauye za ka same shi, kuɗinsa bai kai na magnum ba. Dukanta akwai shi amma na jurewa ne, na harba goma suka taru waje guda kamar tafin hannu. Na gwada 6.5 Creedmoor ma, ta 2007 da samari ke yayi, daɗin harbi kam ba a magana kuma iska ba ta cika karkatar da ita ba, amma ni dai raina bai kwanta da ita a kan dabba mai wannan ƙashi ba, ko da yake akwai masu kashe elk da ita.

A ƙarshe Tikka T3x na ɗauka, ƙirar ƙasar Finlan, mai cin .30-06, na cike takarda aka binciki sunana kafin a ba ni, kuɗin da na rage na zuba a madubin saiti mai kyau. Kuma a filin gwajin nan na gane abin da ake nufi da nesa. In ka daidaita saiti a yadi 200 da harsashi mai nauyin giram 11 da ɗoriya, a yadi 300 zai sauka kamar inci 8, a 400 wajen ƙafa biyu, a 500 ya kusa ƙafa huɗu, ba a ma zo maganar iskar tsauni ba wadda take juyawa ba sallama.

Daren ranar na kira Baba ina ba shi labari da zumuɗi, ya yi shiru yana ji sannan yace, kai yaro, mu a zamaninmu sai mun ga ƙiftawar idon dabba muke harbi, dabbar da ka raunata ta shige daji ta mutu a wahale haƙƙinta na wuyanka. Ya tuna mini in yi bisimilla lokacin harbi, in na tarar da sauran rai in yanka. Nace to Baba, in sha Allahu.

Washegari na yanki ƴar takarda na rubuta 300 na manna a gindin bindigar, iyakata kenan, ko da ƙahon ya kai ina ba zan wuce ba. Na yi wata biyu duk Asabar ina filin gwaji, a kwance, a durƙushe, a jingine da jaka, har Oktoba ta kama muka loda tanti a mota. Yadda muka kwana cikin ƙanƙara da abin da na gani da asubar farko, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.