Talata: jirgin Kawu

Sanyi ya sassauta yau, hazo dai bai ɗaga ba. Ruwan madatsar Sabke ya ja baya, masu lambu sun bi shi da albasa da tumatir. Karfasa ta samu da ɗan dama, kowa a bakin ruwa fuska a sake.

Kwale-kwalen Kawu ne ya tsaya min a rai. Tun shigowar hunturu yake kife a tudu, yau yara suka tura shi ruwa, suka leƙa ciki, suka ce ba ya yoyo. Na ce, "Kawu, da kun bar shi ya kwana biyu a ruwa kafin a ɗora masa kaya." Ya ce, "Haba ɗana, da hannuna na shafe ƙasansa da kwalta." Ƙasan kam lafiya lau. Gefe nake ji wa tsoro.

Jirgi in ba kaya, gindinsa kaɗai ke cikin ruwa. Haɗin sama, tsakanin katakon gefe na farko da na biyu, a waje yake, iska na busar da shi. Katako kuwa a faɗinsa yake tsukewa in ya bushe, shi ya sa haɗin ke buɗe baki, tsohuwar kwalta ta tsage. Ba a ganin illarsa a gaɓa. Sai an zuba buhuna da mutane, jirgi ya zauna da kamar taƙi guda, haɗin ya shiga ruwa, lokacin an yi nisa. Ruwan da ya shigo ya ƙara danna shi ƙasa, tsagar ta ƙara nutsewa, yoyon ya ƙara ƙarfi.

Dubawar ba ta da wuya. A kife jirgin da rana tsaka, mutum ya shiga ƙarƙashi: duk inda haske ya ratso, ruwa zai bi. A kankare tsohuwar kwalta har katako ya fito, a tabbata ya bushe, don kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako, ɓarewa take yi. A murza tsumman auduga a cusa da bakin wuƙa marar kaifi, amma kada a danƙara, saboda katakon zai kumbura in ya sha ruwa, ya ture ƙusa. Sannan a zuba kwalta da zafinta. In tsagar ta yi faɗi, a ɗora langa-langa a kan kwaltar, a bi da ƙananan ƙusoshi, tazarar yatsa biyu.

Ƙusoshin ma na duba. Wadda katako ya yi baƙi kewaye da kanta, tsatsa ta cinye ta, ramin ya saki. A zare ta, a toshe ramin da ɗan itace da aka tsoma a kwalta, sabuwa ta shiga a gefe. Mayar da ita tsohon rami aikin banza ne. Ga kuma laka da yashi da ake bari a ciki, suna riƙe danshi, suna rufe ruɓa.

Mutane na raina ruwan da ke kwance a cikin jirgi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jarka biyar mai lita 20, kilo 100 ke nan, nauyin buhun masara, kuma buhun da ke gudu zuwa duk gefen da jirgi ya karkata. Abin kwarfar Kawu, yankakkiyar jarka, ko igiya ba a ɗaure ta da ita ba. In ta suɓuce a tsakiyar ruwa fa? Mata da ƙananan yara ne ke cika jirgin nan ranar kasuwa, yawancinsu ba su iya ninƙaya ba. Raina bai kwanta ba har yanzu.

Na aika autanmu da igiya da ragowar kwalta. Wuta ba ta dawo ba. Gobe Katsina, ɗaurin aure.